In Igiya Ta Fizga

Wata 'yar kaguwa ce ta gilma ta gaban ƙafarta a kan yashi, ta saka jan murfin kwalbar lemo a maimakon ƙoƙon bayanta. Tafiya take a karkace, murfin yana rangaji kamar hular da ta yi wa mutum yawa. Kyaftin ta ɗaga ƙafa ta ba ta hanya, ta sauya wa jarkar man hannu, ta ci gaba zuwa inda jirginsu yake ɗaure.

Ba kyaftin ɗin komai ba ce ita. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan ranar da ta fara tuƙa musu ƙaramin jirgin, sunan kuwa ya bi ta har cikin kasuwa. Aikinta shi ne ta kai su inda za su yi nutso, sannan ta zauna riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugun mijin har sai ya fito. Shi kuwa mijin, wanda kowa ke kira Auta duk da gemun da ya cika masa haɓa, shiga yake ƙarƙashin teku, shi da abokinsa Dogo, su yanko tsohuwar ragar da ta tsinke wa masunta ko suka yasar. Wata ƙungiya mai kula da lafiyar teku ce ta koya musu nutso ta kuma ba su kayan aiki, bayan kifi ya ja baya har su ya daina riƙe gida.

Ragar da aka yasar ba ta san an sallame ta ba. Tana nan rataye a jikin duwatsun murjani tana ta aikinta, ba ubangida, ba ƙoshi. Kifi ya shiga ya mutu, kaguwa ta zo cin gawar ta maƙale, kunkuru ya zo wucewa ta shaƙe shi. Zaren roba ne, ba ya ruɓewa. Masu nutso suna ce mata makauniya, don ba ta duban wanda ta kama. Kyaftin ta sha ganin abin da ake zazzagewa daga cikinta idan an hauro da ita, shi ya sa da zarar ruwa ya rufe kan Auta sai tsoro ya kama ta, ba kuma ya wucewa sai ta ga gilashin fuskarsa ya sake ɓullowa. Ba ta taɓa gaya masa ba. Ta san dariya zai yi, ya ce kyaftin guda da tsoron ruwa.

Yau su huɗu ne. Baba, mahaifin Auta, yana zaune a kan katakon tsakiya, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa kamar baƙo. Tun yana saurayi yake fatsa a wannan ruwan, amma tun da ya jingine sana'ar ya koma zaman ƙofar gida bai ƙara ko waiwayar teku ba. Auta ne ya yi ta naci sai ya zo ya ga dutsen da suka fara sharewa bara.

"Ni fa ba don kifinku na zo ba," in ji Baba. "Surutun wannan ne ya ishe ni."

"Za ka ga abin mamaki, Baba."

"Abin mamaki ai na gan shi tun ranar da na ga ɗan masunci ya koma shara a ƙarƙashin ruwa."

Dogo, wanda ke ɗaura tulunan iskar numfashi a gefen jirgi, ya fashe da dariya. "Wallahi Baba gaskiyarka. Mu ne masu sharar gari, reshen ƙasa. Tsintsiya kawai ba su ba mu ba."

Kyaftin ta miƙa wa tsohon rigar da ke hana nutsewa, da hannu biyu. "Baba, a saka wannan."

Haka take yi masa magana tun da ta shigo gidansu. An tashi lafiya, a zauna, a sha ruwa. Ba ta taɓa ce masa kai ba, muryarta kuma ba ta taɓa ɗagawa a gabansa ba. Shi ma 'yata yake ce mata, yana kuma tare mata faɗa ko da ita ce da laifi.

"Sannu, 'yata," ya ce. Ya karɓi rigar ya juya ta, ya ninke ta biyu, ya zauna a kai.

Kafin su kai duwatsun sai da suka ratsa layin shara, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku ya tara duk abin da gari ya zubar. Kyaftin ta rage wuta. Leda baƙa da fara, robobin ruwa, buhunan siminti, silifas wari ɗaya, kan 'yar tsana ba jiki yana kallon sama. Wari ya taso mai kama da na kwata. Ta riƙa karkatar da jirgin a hankali don kada leda ta naɗe farfela. Baba kuwa bin sharar yake da ido har inda ta ɓace, haɓarsa tana motsi kamar mai tauna abu.

Can gaba ruwan ya fara washewa, daga ruwan ƙasa ya koma kore, daga kore ya koma shuɗi. Auta ya ɗaga hannu, ta kashe inji. Ya ciro gilashin nutsonsa ya miƙa wa uban.

"Ba sai ka saka ba. Ɗora shi kawai a kan ruwa ka leƙa."

Baba ya yi tsaki, amma ya sunkuya, yana dafe da ƙugu saboda ciwon bayan da ke damunsa. Ya daɗe a sunkuye. Kyaftin tana kallon ƙeyarsa, ta ga yadda wuyansa ya daina motsi. Ta san abin da yake gani, ita ma ta taɓa leƙawa: dutse fes ba zare ko ɗaya, murjani ya fara tofo a jikinsa kamar yatsun jariri, ga 'ya'yan kifi masu ratsin ɗorawa sun yi gungu suna juyawa tare.

"Rabona da irin waɗannan tun mahaifiyarka na da rai," ya ce a hankali, bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya miƙa gilashin yana kallon wani wuri daban. "Ƙanana ne. Ko tukunya ba za su cika ba."

"Za su girma, Baba, in an bar su."

"Allah Ya sa."

Auta ya kalli matarsa ya kanne mata ido ɗaya.

Inda za su yi aikin yau ba shi da nisa daga nan, amma ruwan wurin a gurɓace yake, mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Wata ƙatuwar makauniya ce ta lulluɓe dutsen, rabinta a kwance, rabinta a tsaye tana lilo kamar labule. Suka jefa anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya. Auta ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya miƙa wa Kyaftin ɗaya bakin. Dogo ba ya ɗaura igiya, don shi ne mai hawa da sauka, yana kwaso abin da Auta ya yanka.

Baba ya sa yatsa ya taɓa igiyar, ya murza ta. "Wannan ta mece ce? In ya gaji ki jawo shi?"

"A'a, Baba," in ji Dogo, yana tofa yawu a gilashinsa yana gogewa. "Don a san inda yake ne kawai. Ba a ja. In ma ta fizga, to makauniya ce ta kama shi ta baya, a wuyan tulu, inda hannunsa ba ya kai. Sai a sakar masa igiya ya ja da baya a hankali ya zame. In aka ja, cikinta ake tura shi." Ya washe baki. "Ka ga aikin da ya fi kowanne daɗi a wurin mata. Miji na yin motsi, sai saki."

"Dogo, ka kiyaye ni," in ji Kyaftin, tana rufe baki da gefen mayafi.

"Ƙarya na yi? Kullum sai kin sake shi, kullum sai ya dawo. Mara zuciya."

"Kai ka samo wadda za ta riƙe taka igiyar tukuna," in ji Auta. Ya cusa bututun iska a baki, ya jingina baya, ruwa ya haɗiye shi. Dogo ya bi.

Kyaftin ta riƙe igiyar. Ta gyara zama, ta bar igiyar tana zamewa ta tsakanin yatsunta har ta tsaya, ta kafa wa kumfa ido. Kumfar numfashinsu ce kaɗai labarin da take samu daga ƙasa: gungu biyu, suna tasowa suna fashewa, wani lokaci su haɗe, wani lokaci su rabu. Rana ta ɗaga. Jirgin yana 'yar rawa a kan ruwa. Baba yana ba ta labarin wani kifi da ya taɓa ja da shi tun safe har azahar, tana amsawa da "Allah sarki" da "ikon Allah", idonta bai bar kumfar ba.

Dogo ya ɓullo ta bayan jirgi, yana jan wani ƙaton ƙunshin raga, baƙi ƙirin, ya yi nauyi da laka da ɓawon kifi. Ya tofar da bututun.

"Kyaftin, taimaka! Wannan ta fi ƙarfina. Iskata ma ta kusa ƙarewa."

Baba ya yunƙura zai tashi. "Bari in kama masa."

"A'a, Baba, bayan nan. A dai riƙe mini wannan, yanzun nan zan dawo." Ta saka masa igiyar a hannu. Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "In ta fizga, a sakar masa."

"'Yata," ya ce yana murmushi, "ina riƙe da igiya tun ba a haifi mahaifiyarki ba."

Ta je baya ta durƙusa, ta cusa hannu cikin ragar mai santsi. Ita tana ja, Dogo yana turowa daga ƙasa. Ƙunshin ya hau gefen jirgi da ƙyar, ya zube a ciki, wari ya gume wurin. Wani ƙoƙon kunkuru ya gangaro daga ciki, fanko, ya tsaya a jikin ƙafarta.

A lokacin ne ta ji Baba ya yi wani gurnani, irin wanda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, na mutumin da abu ya faɗo wa hannu. Ta waiwaya.

Yana tsaye. Ya tokare ƙafa ɗaya a gefen jirgi, ya karkata baya, igiyar ta miƙe ƙyam daga hannunsa zuwa cikin ruwa, tana ɗigar da ruwa tana rawa. Ya riga ya naɗa ta a damtsensa. Hannu bayan hannu yake ja, da irin saurin da ba ta san yana da shi ba. Ba tunani ya yi ba. Igiya ta fizga, hannun mai fatsa ya amsa, kamar yadda ya saba amsawa tun yana saurayi.

Ta saki ragar.

"Baba," ta ce, "a sakar masa."

Bai ji ba. Igiyar ta sake fizga, da ƙarfi wannan karon, sau da yawa a jere, kamar ana dukan ƙofa. Kumfar da ke gefen jirgi ta tashi gaba ɗaya, fari fat, kamar tukunya ta tafasa.

"Baba, a saki! Don Allah a saki!"

Ya juyo da fuska. Idanunsa sun firfito, yanzu ya tuna abin da ke ƙarshen igiyar, kuma tunawar ce ta ƙara masa ƙarfi. "In saki? Ba kya ji yana kira ba? Ɗan nawa zan saka?" Ya ƙara naɗa igiyar a hannu, ya ja har jirgin ya karkata.

"Kada ya ja!" Dogo yana ihu daga cikin ruwa, yana kokawar zagayowa. "Kyaftin, hana shi! Cusa shi yake!"

Ta tsallake ragar, santsi ya kwashe ta, ta tashi da rarrafe. Ta kai gabansa ta tsaya, hannuwanta a buɗe, ta rasa inda za ta taɓa. Mutumin nan ko hannunsa ba ta taɓa riƙewa ba. Ta kama wuyan hannunsa da hannu biyu. Kamar ta kama itace.

"Ba kifi ba ne!" Muryar da ta fito ba tata ba ce. "Ba kifi ba ne, Baba! Saki! Na ce ka saki!"

Ta sa kafaɗa ta bangaje shi da duk ƙarfinta. Ƙafarsa ta zame daga gefen jirgi, ya faɗi da baya a kan ruɓaɓɓiyar ragar. Igiyar ta warware daga damtsensa da gudu, tana ƙara, tana tafiya da fata. Kyaftin ta cafe ta, ta riƙa zura ta cikin ruwa, tana zurawa, tana zurawa, har ta yi laƙwas.

Fizgar ta tsaya. Kumfar ta ragu, ta koma 'yan ƙanana jefi-jefi.

Dogo ya iso gefen da igiyar take. Ya ɗaga agogon iskarsa ya duba, allurar tana cikin ja. Ya kalli Kyaftin, babu ko alamar wasa a fuskarsa.

"Ko me kika ji, kada ki ja."

Ya cusa bututu a baki, ya kama igiyar, ya bi ta ƙasa.

Wani tsuntsu ya wuce ta sama. Kyaftin tana durƙushe a gefen jirgi, igiyar a kan tafin hannunta, bakinta yana motsi da duk addu'ar da ta zo mata, wata ta fara ta kasa ƙarasawa ta kama wata. Gungun kumfa biyu. Ɗaya mai ƙarfi, na Dogo. Ɗaya mai rauni. Ta kafa wa mai raunin ido kamar kallon ne ke riƙe da shi. Ya taso. Ya sake tasowa. Ta jira na gaba.

Ba ta ga na gaba ba.

Igiyar ta motsa a hannunta, ɗan motsi kaɗan, sai ta ji yatsunta sun damƙe ta da kansu. Duk jikinta ja yake so ya yi. Yana nan ƙasa, tsawon 'yan gaba kaɗan, ga igiya a hannunta, ga ƙarfi a damtsenta, in ta ja sau ɗaya kawai... Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A bayanta ta ji motsi. Baba ya rarrafo, rigarsa ta yi baƙi da laka, yana ƙoƙarin ɗora gwiwa a gefen jirgi.

"Zan shiga," yake cewa, ba da ita yake ba. "Zan shiga in ɗauko shi."

Ta miƙa hannu ɗaya ta baya ta cakumi rigarsa, ba ta ko waiwaya ba. Ya ja, ta riƙe. Daga baya ta ji ya daina ja. Numfashinsa kawai take ji, yana fita da wani ƙaramin sauti kamar na yaro mai zazzaɓi.

Sai igiyar ta saki gaba ɗaya. Ba nauyi, ba motsi. Ta taso tana lanƙwasa a kan ruwa, bakinta a yanke. Kyaftin ta kalli yankakken bakin, kanta ya ƙi gaya mata abin da hakan ke nufi. Gungun kumfa ɗayan ma ya ɓace.

"Innalillahi," in ji Baba. "Innalillahi."

Ruwa ya tsage a gaban jirgi. Dogo ne, baki a wangame yana jan iska da ƙara, ba bututu, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin haɓar Auta. Auta ba tulu a bayansa, ba gilashi a fuskarsa. Sai da Dogo ya yanke igiyar da ɗaurin tulun kafin ya iya zare shi daga ragar. Kansa ya langaɓe. Leɓunansa sun yi toka-toka, zaren raga ya bar masa jan layi daga wuya zuwa kunne.

Ba ta san yadda suka hauro da shi ba. Ta dai ga Baba, mai ciwon baya, ya kama shi ta hammata ya ɗago shi kamar jariri. Dogo ya faɗo ciki, ya durƙusa a kansa, ya hura masa iska a baki, ya danna ƙirji, ya sake hurawa.

"Tashi, ɗan banza," yake cewa yana kuka. "Tashi, wa zai riƙa zagina? Kyaftin, inji! Me kike kallo?"

Ta yanke igiyar anga da wuƙa, ta finciki inji. Bai tashi ba. Ta sake finciko shi, ya kama. Suna juyawa ta ji wani tari mai kama da amai a bayanta, ruwa ya bulbulo daga bakin Auta da hancinsa, jikinsa yana karkarwa. Dogo ya juya shi a gefe. Yana numfashi, amma da ƙyar, kowane ja da ƙara kamar ana zuƙar ƙarshen lemo da tsinke, idanunsa kuma a rufe.

Ta buɗe wuta gaba ɗaya. Sai ga layin shara a gabansu, ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, babu ta inda za a kewaye. In ta rage gudu, lokaci ya tafi. In ba ta rage ba, leda ɗaya ta isa ta kashe injin a tsakiyar ruwa.

Baba ya tashi ba wanda ya ce masa komai. Ya ɗauki doguwar gorar da suke tura jirgi da ita, ya je can gaba ya kwanta rub da ciki, ya riƙa kawar da leda da buhu daga hanya, dama da hagu, jini na bin gorar daga damtsensa. Ta bi ta inda ya buɗe mata. Injin ya yi tari sau ɗaya, zuciyarta ta tsaya tare da shi, sannan ya ci gaba.

A asibitin bakin gaɓa aka karɓe shi a kan gadon turawa, aka rufe ƙofa. Suka zauna a baranda a kan kujerun roba, su uku, suna ɗigar da ruwa a kan siminti, mutane na wucewa suna toshe hanci. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai Kyaftin ta miƙe tsaye, ya wuce, ta koma ta zauna. Wata nas ta tsaya a gaban Baba.

"Baba, mu ga hannun nan."

Ya ja hannun riga ya rufe. "Ba komai."

Da nas ɗin ta wuce, Kyaftin ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa. Sai yanzu abin da ta yi ya dawo mata, kafaɗarta tana tuna ƙashin ƙirjinsa.

"Baba, a yi haƙuri. A yafe mini."

Ya dube ta kamar daga nesa. Ya ɗora mata hannu a ka, ya ɗauke da sauri, ya mayar da shi cikin riga.

Rana ta karkata kafin likita ta fito. Ta ce ruwa ya shiga huhunsa, za su riƙe shi su ga yadda zai kwana, amma ya farfaɗo, yana gane mutane. Ta ce su shiga, kada su sa shi surutu.

Yana kwance an ɗaga masa kai, robar iska a hancinsa, fuskarsa ta kumbura. Kyaftin ta tsaya a gefen gado ta kama ƙarfen. Dogo ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Baba ya tsaya daga wajen ƙafafu.

"Kyaftin," in ji Auta. Muryar ta dushe kamar ta tsoho. "Kin yi kuka."

"Rufe mini baki. An ce kada ka yi magana."

"Tuluna fa?"

"Yana wurin budurwarka makauniya," in ji Dogo. "Ta ce in kana so ka koma ka karɓa."

"Zan koma. Rabinta na nan tsaye." Ya yi tari, ya runtse ido har ya lafa. Kyaftin ta ji tsoron nan ya dawo mata, a nan cikin ɗaki, a kan busasshiyar ƙasa. "Amma wa ya ja ni haka? Na fara zamewa ke nan, sai na ji an fizge ni sama. Wallahi na ɗauka inji kika tayar da ni a ɗaure."

Dogo ya ɗaga kai yana kallon fanka. Kyaftin ta buɗe baki, ba ta san me za ta ce ba, ko ta ce ita ce, ko ta ce anga ce ta zame. Kafin ta zaɓa, ta ga idon Auta ya sauka a kan hannun rigar uban, inda jini ya ratso ya zana layi-layi a zagaye.

Auta ya ɗago ido ya dubi uban.

"Kai, Baba," in ji Auta, yana ƙoƙarin murmushi da kumburarren baki. "Ashe har yanzu da sauranka."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya sunkuya, ya ja bargon da ya zame ya rufe ƙafafun ɗansa, ya cusa gefen a ƙarƙashin katifa, ya lallashe shi da tafin hannu har ya kwanta. Ya ɗan tsaya yana kallon yadda ƙirjin ke hawa yana sauka. Sannan ya juya, ya raɓa ta bayan Kyaftin a hankali don kada ya taɓa ta, ya ja ƙofar a bayansa ba tare da ta yi ƙara ba.